Me ya haɗa Ƙauran Namoda da jiragen ruwan yaƙi?

Duk wanda ya dubi taswirar layin dogo ta Najeriya zai ga wani siririn reshe da ya balle daga Zariya ya nufi arewa maso yamma, ya ratsa Funtuwa da Tsafe da Gusau, sannan ya tsaya cik a Ƙauran Namoda, a arewacin jihar Zamfara.

Daga wannan tasha zuwa bakin teku a Legas tafiyar kimanin kilomita 1,200 ce a jirgin ƙasa. Saboda haka ba kowa ne zai yi tsammanin akwai wata alaƙa tsakanin garin da jiragen ruwan yaƙi ba.

Amma tarihi ya nuna cewa akwai. Jirgin ruwa ne ya fara kawo ƙarafunan dogo Arewa, jami'in soja ne ya jagoranci shimfiɗa babban layin farko, kuma a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ta wannan hanya ce sojoji da gyaɗa suka riƙa gangarawa zuwa jiragen ruwan da ke jira a Apapa.

A yau kuma, yayin da Najeriya ta kai ga ƙera ƙananan jiragen yaƙi da kanta a Legas, reshen da ya kai Ƙaura ya shafe shekaru babu zirga-zirgar jirgi ta yau da kullum, a daidai lokacin da yankin Shinkafi da Zurmi ke cikin wuraren da suka fi fama da matsalar tsaro a ƙasar.

Garin da aka kafa don yaƙi

Tun kafin zuwan Turawa, Ƙauran Namoda wuri ne na mayaƙa.

Garin ya samo sunansa ne daga Muhammadu Namoda, jagoran Fulani Alibawa kuma ɗaya daga cikin manyan sarakunan yaƙin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya taka rawa wajen cin Alƙalawa, babban birnin Gobir, a shekarar 1808.

Zurmi, wadda ke arewa maso gabashin Ƙaura, ita ma mazaunin Alibawa ce, kuma tana kan tsohuwar hanyar fatake da ta haɗa Katsina da Sakkwato. Matafiyin nan ɗan Birtaniya Hugh Clapperton ya bi ta nan a 1824, haka ma Bajamushen nan Heinrich Barth a 1853.

A wancan zamani ƙarfin runduna yana ga doki da jaki da raƙumi da kuma 'yan dako. Iyakar abin da dabba da mutum za su ɗauka na guzuri, shi ne iyakar nisan da mayaƙa za su iya kaiwa.

Su kansu Turawan Ingila da wannan matsala suka fara. Bayan sun ci Kano a watan Fabrairun 1903, rundunar da ta nufi Sakkwato ƙarƙashin Kanar Morland a ƙasa ta taka, tare da ɗimbin 'yan dako da ke ɗauke da harsasai da abinci a ka. A cikin wannan tafiya ce wani ɓangare na rundunar ya gwabza da mayaƙan Kano a Kwatarkwashi, inda Wazirin Kano Ahmadu ya rasu, kuma rundunar ta yada zango a Ƙauran Namoda kafin ta wuce ta ci Sakkwato a watan Maris.

Shekaru uku bayan haka, a 1906, boren Satiru a kusa da Sakkwato ya ƙara nuna wa Turawan irin haɗarin da ke tattare da riƙon ƙasa mai faɗi da sojoji kaɗan, waɗanda sai sun yi makonni a hanya kafin su kai ɗauki.

Jirgin ruwa ne ya kawo dogo

Hanyar farko da Turawa suka bi suka shigo Arewa da manyan kaya ita ce kogin Kwara.

A 1900 gwamnatin Lugard ta kafa sashen jiragen ruwa na Arewacin Najeriya, mai hedikwata a Lokoja, wanda jiragensa ke jigilar sojoji da bindigogi da wasiƙu a kogunan Kwara da Binuwai.

Layin dogo na farko da aka shimfiɗa a Arewa kuwa don hidimar sansani aka yi shi. Wani ɗan ƙaramin layi ne da aka buɗe a 1901 daga Wushishi zuwa Zungeru, daga baya aka tsawaita shi zuwa Barijuko, inda jiragen ruwa ke iya kaiwa a kogin Kaduna. Aikinsa shi ne ɗauko kaya daga bakin ruwa zuwa Zungeru, wadda ta zama hedikwatar mulki da ta soja a 1902.

Babban aikin ya zo ne a 1907, lokacin da aka naɗa Percy Girouard ya gaji Lugard. Girouard ɗan ƙasar Kanada ne, kuma injiniyan soja ne da ya yi suna wajen shimfiɗa layin dogo a hamadar Sudan, layin da ya bai wa rundunar Kitchener damar kaiwa Omdurman a 1898.

A zamaninsa aka fara layin Baro zuwa Kano. Jiragen ruwa ne suka riƙa hauro da ƙarafunan dogo da kawunan jirgi ta kogin Kwara a lokacin da ruwa ya cika, suna saukewa a Baro. Layin ya isa Kano a 1911, aka haɗa shi da wanda ya taso daga Legas a Minna, kuma a 1912 aka haɗe hukumomin biyu suka zama guda.

Daga nan taswirar barikokin soja ta fara bin taswirar dogo. An zaɓi Kaduna ne saboda tana bakin kogi kuma tana kan layi, aka mayar da sojoji can daga Zungeru, sannan hedikwatar mulki ta biyo baya a 1917. Zariya kuma, inda daga baya reshen Ƙaura ya balle, ta zama mazaunin makarantar horar da kuratan soja, wadda har yanzu take can.

Gyaɗa da auduga

Shi dai reshen Zariya zuwa Ƙauran Namoda, mai tsawon kimanin kilomita 220, an kammala shi ne a 1929, shekara guda kafin reshen Kano zuwa Nguru.

Babban dalilin gina shi kasuwanci ne. Ƙasar Funtuwa da Gusau ƙasar auduga ce, ƙasar Ƙaura da Zurmi da Shinkafi kuwa ta gyaɗa da hatsi da dabbobi ce.

Da yake layin bai wuce Ƙaura ba, garin ya zama matattarar kayan gabashin lardin Sakkwato. Daga Shinkafi da Isa da Sabon Birni ta arewa, daga Zurmi ta gabas, ana ɗoro buhunan gyaɗa da fatu a kan jakuna da raƙuma, daga baya kuma a manyan motoci, a kawo su sikelin kamfanoni a bakin tasha.

Har gyaɗar yankin Maraɗi, wadda ke ƙarƙashin mulkin Faransa, ta tashoshin jirgin ƙasa na Arewacin Najeriya take fita zuwa teku, abin da ya sa a shekarun 1950 Faransawa suka ɓullo da wani shiri na karkatar da kayan Nijar zuwa tashar Kwatano ta hanyar Paraku.

Ko da yake an sha maganar tsawaita layin daga Ƙaura zuwa birnin Sakkwato da kan iyakar Illela, har yau ba a shimfiɗa shi ba.

Lokacin yaƙin Hitila

Yaƙin Duniya na Biyu, wanda aka yi daga 1939 zuwa 1945, shi ne ya mayar da layin kasuwanci ya koma hanyar yaƙi, ta fuskoki uku.

Na farko shi ne kan iyaka. Bayan Jamus ta ci Faransa a watan Yunin 1940, Nijar ta kasance ƙarƙashin gwamnatin Vichy mai ɗasawa da Jamus, har zuwa watan Nuwamban 1942. Cikin waɗannan shekaru iyakar da ke arewacin Shinkafi da Zurmi ta zama iyaka tsakanin ɓangarori biyu da ba sa ga-maciji, kuma Ƙaura na cikin tashoshin jirgin ƙasa mafi kusa da ita.

Na biyu shi ne kaya. Da Japan ta mamaye Malaya da sauran ƙasashen kudu maso gabashin Asiya a 1942, Birtaniya ta rasa manyan wuraren da take samun kuza da man girki. Sai ta matsa wa Najeriya lamba ta ƙara noman gyaɗa da haƙar kuza. Daga 1942 zuwa 1944 aka riƙa kwasar mutane ala tilas daga lardunan Arewa zuwa ramukan kuza na Jos, aikin da jama'a suka laƙaba wa suna ɗiban gwamna, kuma da yawa sun rasa rayukansu saboda sanyi da yunwa da cututtuka.

Na uku shi ne sojoji. A 1943 aka kafa runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, waɗanda 'yan Najeriya suka fi yawa a cikinsu, kuma Hausa ce harshen da aka saba amfani da shi a bataliyoyin Najeriya. Ga saurayin da aka ɗauka soja daga gabashin lardin Sakkwato, tashar Ƙaura ko ta Gusau ce mafi kusa, daga nan sai Zariya ko Kaduna don horo, sai Legas.

A Legas ne jirgin ƙasa ke miƙa su ga jirgin ruwa. Runduna ta 81 ta zagaya ta kudancin Afirka zuwa Indiya, daga can ta shiga ƙasar Bama, inda ta yi yaƙi a kwarin kogin Kaladan a 1944. Runduna ta 82 ta biyo baya, kuma rundunonin biyu suka haɗu wajen ƙwace Myohaung a watan Janairun 1945.

Sunayen wasu barikokin Najeriya sun adana wannan tarihi: Myohaung a Yaba, Arakan a Apapa, Kalapanzin da Dalet a Kaduna, da kuma Chindit a Zariya.

Ita kanta tafiyar teku ba ta kasance lami lafiya ba. Jiragen ƙarƙashin teku na Jamus sun nutsar da jiragen kasuwanci da dama a gaɓar Afirka ta Yamma, abin da ya sa ake tara jiragen a ayari, musamman a Freetown ta Saliyo, jiragen yaƙi na yi musu rakiya. A 1941 wani jirgin ƙarƙashin teku na Jamus mai lamba U-69 ya dasa nakiyoyi a bakin tashar Legas, kuma a watan Yunin shekarar ɗaya daga cikinsu ta nutsar da wani jirgin yashe hanyar ruwa mai suna Robert Hughes.

Ma'ana dai, buhun gyaɗar da aka auna a Ƙauran Namoda ba ya isa Liverpool sai da kariyar jirgin yaƙi, shi kuma jirgin yaƙin ba shi da abin da zai raka in jirgin ƙasa bai kawo kaya bakin ruwa ba.

Rundunar sojan ruwa ta Najeriya

An kafa rundunar sojan ruwa ta Najeriya ne a ranar 1 ga watan Yunin 1956, daga ma'aikata da jiragen tsohon sashen jiragen ruwa na gwamnati, wanda shi kuma ya samu ne a 1914 bayan haɗe sashen Arewa na Lokoja da na Kudu.

Ɗan ƙasa na farko da ya shugabance ta shi ne Joseph Wey, a 1964.

Babban gwajinta na farko shi ne yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, lokacin da jiragenta suka datse hanyoyin ruwa na yankin Biyafara, suka kuma sauke sojoji a Bonny a watan Yulin 1967 da Kalaba a watan Oktoba. Babban jirginta a lokacin shi ne NNS Nigeria, wanda aka ƙera a ƙasar Holan, daga baya aka sauya masa suna zuwa Obuma.

A zamanin da kuɗin man fetur ya yawaita, Najeriya ta sayo jirage da dama daga Turai. Mafi girma shi ne NNS Aradu, mai tsawon mita 125, wanda kamfanin Blohm & Voss ya ƙera a birnin Hamburg na Jamus, ya kuma fara aiki a 1982. A 2005 ya je Ingila ya shiga bikin cika shekaru 200 da yaƙin Trafalgar, amma ya shafe shekaru masu yawa daga baya yana ɗaure a bakin tasha saboda rashin gyara.

Mai jin Hausa zai gane sunayen jirage da dama na rundunar. Ban da Aradu, an yi Dorina da Damisa da Kyanwa, sai kuma Kada, jirgin sauke sojoji da motocin yaƙi a gaɓa, wanda kamfanin Damen ya ƙera a Sharjah ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ya iso Najeriya a 2022. Al'adar rundunar ce ta sanya wa jirage iri ɗaya sunan dabba guda a harsuna daban-daban na ƙasar.

'Yan Arewa kuma sun shugabanci rundunar, ciki har da Murtala Nyako daga 1990 zuwa 1992, da Awwal Zubairu Gambo daga 2021 zuwa 2023. A zamanin Gambo ne aka kafa kwalejin koyar da dabarun samar da kayan aiki da jigilarsu ta sojan ruwa a Dawakin Tofa ta jihar Kano, matakin da ya jawo muhawara kan dalilin kai cibiyar sojan ruwa inda babu teku.

Yadda ake ƙera jirgi da gyara shi

Labarin Aradu ya nuna wani abu da masana harkar tsaro suka sha nanatawa: sayen jirgin yaƙi ya fi riƙe shi sauƙi.

Ruwan gishiri yana cin ƙarfe, ƙananan halittun teku suna manne wa gindin jirgi su rage masa gudu, injuna kuma suna buƙatar a kwance su a duba bayan wasu awoyi na aiki. Saboda haka tilas ne a riƙa fitar da jirgi daga ruwa lokaci zuwa lokaci.

Ana yin haka ne a wani ƙaton rami na kankare da ake ginawa a bakin ruwa. Sai a cika shi da ruwa, a ja jirgi ciki, a rufe ƙofa, sannan a zuƙe ruwan da manyan famfuna har jirgin ya zauna a kan ginshiƙan da aka jera masa. Daga nan masu walda da masu fenti da makanikai su samu damar kaiwa ga gindinsa da farfelarsa.

Rundunar sojan ruwa ta Najeriya tana da manyan ma'aikatu biyu na irin wannan aiki, ɗaya a tsibirin Victoria da ke Legas, ɗaya kuma a Fatakwal.

A ma'aikatar Legas ne aka ƙera NNS Andoni, mai tsawon mita 31, wanda aka ƙaddamar a 2012 a matsayin jirgin yaƙi na farko da injiniyoyin rundunar suka ƙera a gida. NNS Karaduwa, wanda aka sanya wa sunan wani kogi na jihar Katsina, ya biyo baya a 2016, sai NNS Oji a 2021, kowanne ya ɗara na gabansa tsawo.

Waɗannan dai ƙananan jiragen sintiri ne na kusa da gaɓa. Manyan har yanzu daga waje ake samo su: Thunder da Okpabana tsofaffin jiragen masu gadin gaɓar tekun Amurka ne, Centenary da Unity a China aka ƙera su, kuma a 2021 an ƙulla yarjejeniya da kamfanin Dearsan na Turkiyya don ƙera wasu biyu masu tsawon mita 76.

Ko waɗanda ake ƙerawa a gida ma, injuna da na'urori da makamansu daga waje ake sayo su. Masana'antar ƙarfe ta Ajakuta, wadda aka fara ginawa a 1979 da fatan ta wadatar da irin waɗannan ayyuka, har yau ba ta kai ga cikakken aiki ba.

Wani zai ce ina ruwan manomin Zurmi da wannan duka. Amsar ita ce kaso mai tsoka na kuɗin da gwamnatin tarayya ke raba wa jihohi da ƙananan hukumomi daga ɗanyen man da ake fitarwa ta teku yake zuwa, kuma ta teku ake shigo da injuna da magunguna da sinadaran haɗa taki. A 2020, daga cikin ma'aikatan jirgin ruwa 135 da aka sace a duniya, 130 a mashigin tekun Guinea aka sace su, kamar yadda hukumar da ke sa ido kan fashin teku ta duniya ta bayyana. Duk lokacin da haɗari ya ƙaru kuɗin inshorar jirage na tashi, kuma a ƙarshe mai saye a kasuwar Shinkafi ne ke biyan wani ɓangare.

Darussa daga wasu ƙasashe

Haɗa tashar ruwa da sansanin soja ta hanyar dogo ba a Najeriya aka fara ba.

A yaƙin Kirimiya, a 1855, Turawan Ingila sun shimfiɗa wani gajeren layi daga tashar ruwa ta Balaklava zuwa sansaninsu da ke kewaye da Sebastopol, bayan da taɓo da sanyi suka hana kai wa sojoji abinci da harsasai, alhali kayan na jibge a bakin ruwa.

A yaƙin Rasha da Japan na 1904 zuwa 1905, ɗaya daga cikin matsalolin Rasha ita ce dogaro da layin Saiberiya mai hanya guda, na dubban kilomitoci, wajen kai wa sojojinta ɗauki a gabas mai nisa.

Misalin da ya fi kusa da Musulmi shi ne layin Hijaz, wanda Daular Usmaniyya ta fara a 1900 daga Dimashƙa, ya isa Madina a 1908. An gina shi don sauƙaƙa wa alhazai tafiya, da kuma kai sojoji yankin Larabawa cikin sauri. A Yaƙin Duniya na Farko mayaƙan Larabawa masu tawaye, da taimakon Ingila, suka riƙa fasa shi da nakiya, abin da ya tilasta wa Turkawa baza dubban sojoji don gadinsa. Ɓangaren da ya kai Madina bai sake farfaɗowa ba.

Darasin a nan biyu ne. Jirgin ƙasa guda na ɗaukar kayan da sai an tara tireloli da dama kafin su kwashe, kuma a kan kuɗi kaɗan. Amma layin dogo ba ya kauce wa abokin gaba: yana nan inda aka shimfiɗa shi, kuma mutane ƙalilan na iya tsayar da shi.

Yadda reshen Ƙaura ya durƙushe

Abubuwa da dama ne suka haɗu suka kashe kasuwar layin.

Farin farkon shekarun 1970 da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 sun karya noman da aka gina layin dominsa. Man fetur ya maye gurbin amfanin gona a matsayin abin da ƙasa ke fitarwa, gwamnati ta karkata ga gina hanyoyin mota, kuma a 1986 aka rushe hukumomin sayen amfanin gona.

Hukumar jiragen ƙasa ta Najeriya, wadda aka kafa a 1955, ta shiga matsalar kuɗi da tsufan kayan aiki, kuma rassan da ke gefe irin na Ƙaura da Nguru su ne suka fi jin jiki. An yi yunƙurin gyara reshen a farkon shekarun 2010, amma zirga-zirgar ba ta ɗore ba.

Akwai kuma batun faɗin layi. Tsohon layin da Turawa suka bari faɗinsa milimita 1,067 ne, sababbin da ake ginawa kuwa milimita 1,435 ne. Wannan ya haɗa da na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, da na Legas zuwa Ibadan da aka buɗe a 2021 wanda aka tsawaita zuwa tashar Apapa, da na Kaduna zuwa Kano da na Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsu a 2021.

Jirgin da aka yi don layi ɗaya ba ya hawa ɗayan. Ko da an farfaɗo da reshen Ƙaura a yadda yake, sai dai a sauke kaya a sake lodi a Zariya kafin su shiga sabon layi.

Shi kuma layin Maraɗi ta Katsina da Jibiya aka tsara zai bi. In aka kammala shi, tasha mafi kusa da Zurmi a kan sabon layi za ta kasance Jibiya, ba Ƙaura ba.

Tsaro da hanya

A shekarun baya-bayan nan ƙananan hukumomin Shinkafi da Zurmi da Ƙauran Namoda sun fuskanci hare-haren 'yan bindiga da satar shanu da garkuwa da mutane don neman kuɗin fansa. A watan Satumban 2021 lamarin ya kai ga rufe layukan wayar salula da kasuwannin mako-mako a jihar na wani lokaci.

Akwai birged ta ɗaya ta sojan ƙasa a Gusau, da wani sansani na sojan sama, kuma a 2024 aka kafa rundunar haɗin gwiwa ta Fansan Yamma don yankin arewa maso yamma. Amma man motocinsu da abincinsu da harsasansu a kan kwalta suke tafiya, ta hanyar Funtuwa zuwa Gusau, da ta Ƙaura zuwa Shinkafi, da ta Ƙaura zuwa Zurmi zuwa Jibiya, hanyoyin da su kansu ake tare matafiya a kansu.

Masu goyon bayan farfaɗo da layin suna ganin zai rage tsadar kai kaya, ya rage wa hanyoyin mota nauyi, ya kuma dawo da hada-hadar da za ta samar wa matasa abin yi.

Masu taka-tsantsan kuwa suna nuni da abin da ya faru a ranar 28 ga watan Maris na 2022, lokacin da 'yan bindiga suka dasa nakiya a kan layin Abuja zuwa Kaduna, suka kashe aƙalla mutum takwas, suka sace fiye da 60. Sai a watan Oktoba aka sako na ƙarshensu, kuma jirgin bai koma aiki ba sai a watan Disamba. In har hakan ta faru a kan layin da ya haɗa babban birnin ƙasa da garin da ya fi ko'ina yawan cibiyoyin soja a Arewa, to reshen da ya ratsa dazuzzukan Tsafe zai buƙaci gadi mai yawa kafin fasinja ya yarda ya hau.

Kowane ɓangare na da hujja a tarihin layin. A zamanin da ya yi tashe, ya yi aiki ne saboda akwai kayan da za a ɗauka, akwai zaman lafiyar da ya bar manomi ya noma su, akwai kuma jirgin ruwan da zai karɓa a ɗaya ƙarshen.

Najeriya ta samu ci gaba a ƙarshen da ke bakin teku, inda ta fara ƙera jirage da hannunta. Abin da ya rage shi ne ƙarshen da ke Ƙauran Namoda, kuma makomarsa ta rataya ne ga abubuwa uku: ko za a gyara reshen a tsohon faɗinsa ko a sake shi a sabo, ko za a tsawaita shi zuwa Sakkwato da kan iyakar Nijar, da kuma ko manoman Shinkafi da Zurmi za su samu damar komawa gonakinsu su noma abin da za a loda masa.